Wasan golf: Yadda ɗan wasa zai zaɓi dandamalin da ya dace da ƙarfin hannunsa

Mazaunin Kafanchan da ya kamu da son wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, yana da tafiya a gabansa kafin ya kai ga manyan filayen da ake buga shi. Ko dai ya bi ta Kagoro da Manchok da Ganawuri ya hau Jos, ko ya bi ta Zonkwa da Kachia zuwa Kaduna, ko kuma ya ratsa Kwoi da Keffi ya shiga Abuja.

Kowace hanya ya ɗauka, zai sayi mai, ya biya kuɗin shiga fili idan ba mamba ba ne, ya sallami yaron da zai ɗaukar masa jakar sanduna, wanda 'yan wasa ke kira kadi. Zai kuma so ya kammala da wuri domin ya koma gida kafin duhu, kamar yadda yawancin matafiya a hanyoyin kudancin Kaduna suka fi so.

Sai dai ko wannan ɗawainiya za ta biya shi ko ba za ta biya ba, galibi ya dogara ne a kan shawarar da yake yankewa cikin ƙasa da minti guda a bakin rami na farko: daga wane dandamali zai fara bugu?

A filin golf cikakke akwai ramuka 18. Kowane rami yana da wurin da ake tsayawa a yi bugun farko, wato dandamali, kuma a yawancin filaye dandamalin ya wuce guda ɗaya. Akan jera biyu ko uku, wani wurin har biyar, daga mafi nisa da ramin zuwa mafi kusa, kowanne da alamomi masu launi dabam. Tsohuwar al'ada ita ce baƙi ko shuɗi a can baya, fari ko rawaya a tsakiya, ja a gaba, amma babu dokar da ta tilasta wannan jeri, kuma kowace ƙungiya da tsarinta.

'Yan wasa na kiran dandamalin "ti". Da wannan suna ɗin dai ake kiran ɗan tsinken katako ko roba da ake ɗora ƙwallo a kansa, wanda doka ta ce kada tsayinsa ya wuce inci 4. Sabon shiga kan rikita su biyun. Zancen a nan na dandamali ne.

Bambancin da ke tsakanin dandamalin baya da na gaba a rami guda zai iya kaiwa yadi 60 ko 100. Yadin nan shi ne dai na tela, ya ɗan gaza mita ɗaya. Idan aka tara bambancin a ramuka 18, sai a tarar mutum biyu sun shiga fili ɗaya a rana ɗaya, amma ɗaya ya buga filin yadi 7,000, ɗayan kuma na yadi 5,500.

Golf ya daɗe a wannan yanki na ƙasar fiye da yadda mutane da yawa suke zato. Turawan haƙar kuza ne suka kawo shi Jos, inda aka kafa ƙungiyar Rayfield a 1913, wadda ake ɗauka a matsayin mafi daɗewa a Najeriya. Ta Kaduna ta biyo baya a 1921. A 1927 ne layin dogo ya haɗa Kafanchan da Jos, garin ya zama mahaɗar jiragen da ke jigilar kuza zuwa Fatakwal. Filin IBB da ke Abuja, wanda aka buɗe a 1991, ƙanensu ne na can baya. Wasa ne da ya fara a hannun Turawa, ya koma hannun hafsoshin soja da manyan ma'aikata da 'yan kasuwa, kuma har yau ana yi masa kallon wasan manya. Wannan kallo yana da hannu a yadda mutane ke zaɓen dandamali.

Abin da aka saba gani shi ne, mutum ya iso tare da abokai, ya ga inda suka tsaya, shi ma ya tsaya a nan. Idan babban mutum ne, ba ya son a gan shi ya matsa gaba alhali na ƙasa da shi suna baya. Jajayen alamomi kuwa an daɗe da laƙaba musu sunan "na mata", saboda haka dattijo mai shekara 70 da bugunsa bai wuce yadi 150 ba zai gwammace ya sha wahala a baya da a ce ya tsaya a can. Kadi ya san gaskiya tun daga bugun farko, amma da wuya ya faɗa wa wanda zai sallame shi.

Lissafin rami guda

Kowane rami yana da ƙa'idar bugu, wato adadin bugun da ake sa ran gwani zai yi kafin ƙwallo ta faɗa ciki: uku, huɗu ko biyar. A kowane hali an ware bugu biyu na gangara ƙwallo a shimfiɗaɗɗen kewayen ramin. Ke nan a rami mai ƙa'idar huɗu, an tsara ne ɗan wasa ya isa kewayen da bugu biyu.

A ɗauki rami mai tsawon yadi 420 daga baya. Ƙwararren da ke aika ƙwallo yadi 300 da babbar sanda, wadda ake kira direba, saura masa yadi 120. Zai ɗauki gajeriyar sanda mai ɗaga ƙwallo sama, ta sauko ta tsaya kusa da tuta. Mai wasan sha'awa da bugunsa ke tsayawa a yadi 200 kuwa, saura masa 220, wato fiye da abin da sandarsa mafi ƙarfi ta iya. Ko da ya yi bugu biyu mafiya kyau a rayuwarsa, ba zai isa ba. Ya yi asarar bugu ɗaya tun kafin ya yi kuskure.

Kuma zai yi kuskuren, domin wanda ya san nisa ya fi ƙarfinsa yakan ƙara ƙarfi, ƙarin ƙarfi kuma shi ke karkatar da ƙwallo cikin ciyawa ko rafi. Nan ake ɓatar da ƙwallaye, waɗanda daga waje ake shigo da su kuma ba su da araha. Nan ake ɓata lokaci. Tun 2019 doka ta rage lokacin neman ɓatacciyar ƙwallo daga minti biyar zuwa uku, amma minti uku sau goma rabin sa'a ne, ga tarar bugu, ga waɗanda ke biye suna jira a rana. Zagayen da ya kamata ya ɗauki sa'a huɗu sai ya haura biyar. Ga wanda zai koma Kafanchan ko Zonkwa a ranar, wannan sa'a ɗaya ita ce tsakanin isa gida da haske da kuma tuƙin dare.

Idan mutumin nan ya matsa dandamalin da ramin ya koma yadi 340, bayan bugun farko saura masa 140. Zai ɗauki sanda matsakaiciya, ya nufi tuta, ya sami dama irin wadda mai zanen filin ya nufa a samu. Tarkon yashi da aka haƙa a gefen hanya ma sai a lokacin zai zama abin lissafi a gare shi, domin daga baya ko kusa da shi ƙwallonsa ba ta zuwa.

Wannan shi ne dalilin da ya sa hukumar golf ta Amurka, USGA, da ƙungiyar ƙwararrun ƙasar, PGA, suka ƙaddamar da gangamin jan hankalin 'yan wasa su matsa gaba a 2011. Tunanin ya samo asali ne daga Barney Adams, wani mai ƙera sandunan golf, kuma Jack Nicklaus na cikin manyan da suka mara masa baya. Jadawalin da suka fitar ya danganta tsawon fili da nisan bugun direba. Mai buga yadi 250 an ba shi shawarar filin yadi 6,200 zuwa 6,400. Mai 225, yadi 5,800 zuwa 6,000. Mai 200, yadi 5,200 zuwa 5,400. Mai 150 kuwa, yadi 3,500 zuwa 3,700 kacal. Filin yadi 6,700 zuwa sama sai wanda bugunsa ya kai 275.

Akwai kuma lissafi biyu na baka da masu koyarwa ke amfani da su. Na farko, a ninka nisan bugun direba sau 28: mai yadi 200 zai sami 5,600. Na biyu, a ninka nisan sandar ƙarfe mai lamba 5 sau 36: mai yadi 150 zai sami 5,400. Amsoshin ba sa zuwa daidai da juna ko da na jadawalin, amma duk suna nuna yanki guda. Na biyun ya fi zama abin dogaro, saboda mutane ba su cika yi wa kansu ƙarya a kan sandar ƙarfe ba kamar yadda suke yi a kan direba.

Matsalar lissafin duka tana nan. Idan aka tambayi ɗan wasa nisan bugunsa, yakan faɗi wanda ya taɓa yi sau ɗaya, ranar da iska ke bayansa kuma ƙasa ta bushe. Hanyar da ta fi ita ce ya je wurin atisaye na filin, ya buga ƙwallo goma, ya cire mafi nisa da mafi kusa, ya ɗauki tsaka-tsakin sauran. Domin kwatance, filin ƙwallon ƙafa na gasa yana da tsawon yadi 115 ko kusa da haka, saboda haka bugun yadi 200 bai cika tsawon fili biyu ba. A ma'aunin da hukumomin wasan ke amfani da shi wajen auna filaye, namiji gwani ana ƙiyasta masa yadi 250, matsakaici 200. Mace gwana 210, matsakaiciya 150. Wanda ya auna ya sami 190 bai kamata ya ji kunya ba, yana cikin jama'a.

Ko a filin Augusta da ke Amurka, inda ake gasar Masters a kan tsawon da ya haura yadi 7,500, mambobin ƙungiyar, waɗanda attajirai ne da manyan mutane, suna buga nasu wasan ne daga dandamalin da bai kai yadi 6,400 ba. Dandamalin can baya an yi shi ne domin irin su Sandy Lyle, wanda ya ci gasar Nigerian Open a Ikoyi a 1978, da Vijay Singh da ya ci ta a 1988 da 1989.

Damina, hunturu da tudun Jos

Jadawalin da aka yi a Amurka bai san hunturu ba. A Arewa, daga Nuwamba zuwa Maris ƙasa kan bushe ta yi tauri a duk filin da ba a yi masa ban-ruwa sosai, ƙwallo ta faɗi ta yi ta gudu. Bugun da ya tashi yadi 180 a sama zai iya ƙarewa a 210 ko fiye. Da damina ta kankama, musamman a Yuli da Agusta, ƙasa ta jiƙe, ciyawa ta yi kauri, ƙwallon nan za ta tsaya kusan inda ta sauka. Mutum ɗaya ne, sanda ɗaya, amma filin ya ƙara masa tsawo da ɗaruruwan yadi ba tare da an taɓa alama ko ɗaya ba.

Saboda haka ɗan wasa a wannan yanki na bukatar sanin lambobi biyu: nisan da ƙwallonsa ke yi a sama, da nisan da take kaiwa bayan ta gangara. Na farkon shi ne na gaskiya, shi ne kuma ke aiki idan akwai rafi ko kwazazzabo a gaban dandamali. Idan tsallake ruwan na bukatar yadi 170 a sama, mai yadi 160 ba shi da abin yi a wannan dandamali ko da rani ne. Babu laifi mutum ya buga daga tsakiya a watan Janairu, ya matsa gaba a watan Agusta. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Tsayin ƙasa ma yana da tasiri, ko da yake bai kai na yanayi ba. Jos na kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, kusan ninki biyu na Kaduna. Iskar can ba ta da kauri, ƙwallo kan ƙara nisa da abin da ya kusa kashi 5 cikin 100 idan aka kwatanta da Legas. Ga mai yadi 200, ƙarin bai wuce yadi tara ko goma ba. Ya isa ya sa mutum ya canza sandar da zai ɗauka a Rayfield ko Lamingo, amma bai isa ya mayar da shi dandamalin baya ba. Wanda ya auna bugunsa a Jos ya sauko Abuja, ya rage wani abu daga lissafinsa.

Akwai kuma batun kewayen rami. Tsofaffin filayen Arewa da dama sun daɗe suna amfani da yashi da aka cakuɗa da mai a maimakon ciyawa, saboda ƙarancin ruwa. A irin wannan wuri da kuma busasshiyar ƙasa, ƙwallon da ta zo a miƙe daga doguwar sanda ba ta da tabbas, tana iya dira a gaba ta yi tsalle ta wuce. Wadda ta sauko daga sama ta fi biyayya, kuma gajeriyar sanda ce ke ba da ita. Wannan ma hujja ce ta matsawa gaba.

Ko matsawa gaba maguɗi ne?

Wannan ita ce tambayar da ke hana mutane da yawa, musamman idan akwai 'yar gasa tsakanin abokai. Amsar tana cikin tsarin rangwamen bugu, wanda ake kira handikaf. Tun 2020 hukumomin R&A da ke St Andrews a Scotland da USGA suka haɗa tsare-tsaren duniya suka zama ɗaya. Ana duba sakamako 20 na baya-bayan nan na ɗan wasa, a ɗauki takwas mafiya kyau, a fitar masa da lamba. Mafi yawan abin da ake bayarwa shi ne 54.

Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, lambar ba ita ce adadin bugun da za a yafe wa mutum a kowane dandamali ba. A filin da aka yi wa awo, kowane dandamali na da maki biyu a rubuce a katin wasa ko a allon ƙungiya. Ɗaya yana nuna bugun da gwani zai yi daga nan. Ɗayan, makin tsauri, yana nuna yadda wurin ya fi wahalar da matsakaicin ɗan wasa a kan gwani. Yana farawa daga 55 zuwa 155, kuma 113 ne ma'auni. Ana ninka lambar ɗan wasa da makin tsauri, a raba da 113, sannan a ƙara ko a rage bambancin da ke tsakanin makin gwani da ƙa'idar filin.

Ga misali na lissafi. Mutum yana da lamba 20, filin kuma ƙa'idarsa 72. Idan dandamalin baya na da makin gwani 73.0 da tsauri 130, za a yafe masa bugu 24. Idan ya matsa na gaba mai makin gwani 68.5 da tsauri 118, rangwamensa ya sauka zuwa 17. Ya sami sauƙin nisa, ya biya da bugu bakwai. Da haka matashi mai ƙarfi zai tsaya a baya, mahaifinsa a tsakiya, mahaifiyarsa a gaba, su kara da juna ba tare da an cuci kowa ba. Tsarin ya kuma ba da damar a auna dandamali ɗaya ga maza da mata duka, abin da ya sa ƙungiyoyi da dama a Ingila da Amurka suka daina kiran wani dandamali na maza ko na mata, wasu ma suka sauya launukan gaba ɗaya domin a rabu da tsohon laƙabin.

Abin yakan juya ta ɗaya ɓangaren ma. Yaran da suka taso suna ɗaukar jaka a filayen Jos da Kaduna da Kano, waɗanda daga cikinsu ne ƙwararrun 'yan wasan Najeriya da yawa suka fito, sukan buga ƙwallo nesa fiye da iyayen gidansu. Irin wannan yaro, ko mace mai ƙarfin bugu, idan aka tsare shi a gaba saboda shekaru ko matsayi, ba zai koyi amfani da dogayen sanduna ba. Wanda ya ga yana isa kewayen rami da gajeriyar sanda a kusan kowane rami, kuma makinsa na sauka a kai a kai, lokacin komawa baya ya yi.

Nisa kaɗai ba ya isa hujjar komawa baya. Akwai mai buga yadi 260 amma rabin ƙwallayensa a daji suke ƙarewa. Shi ma tsakiya ta fi masa, inda zai iya ajiye direba ya ɗauki sandar da yake iya sarrafawa. Sabon shiga kuwa, kome ƙarfinsa, gaba ce wurinsa har sai ya daina ɓatar da ƙwallo.

Duk wannan zaɓi na wasan yau da kullum ne. A ranar gasa kwamitin shirya gasar ne ke faɗin dandamalin da kowane rukuni zai yi amfani da shi, kuma kuskure a nan yana da tsada. Wurin da doka ta amince a yi bugun farko shi ne tsakanin alamomin biyu, zuwa tsawon sanda biyu a bayansu. A gasar da ake ƙidaya jimillar bugu, wanda ya buga daga wajen wannan wuri ko daga dandamalin da ba nasa ba za a ci shi tarar bugu biyu kuma dole ya sake daga inda ya dace. Idan bai gyara ba har ya fara rami na gaba, an kore shi daga gasar. A karawar mutum da mutum babu tara, amma abokin karawa na da ikon soke bugun ya sa a sake.

Baƙon da ya zo daga nesa zai sauƙaƙa wa kansa idan ya karɓi katin wasa tun a ofis, ya duba jimillar yadin kowane launi a ƙasan katin, ya kwatanta da lissafinsa kafin ya fita. Idan tsawon da ya dace da shi ya faɗa tsakanin launi biyu, na gaban ya fi, musamman a filin da bai taɓa bugawa ba. Inda dandamalin ba su wuce biyu ba, yana iya neman izinin ƙwararren da ke kula da filin ya haɗa su a wasan sada zumunci: na baya a gajerun ramuka, na gaba a dogaye. Sai dai makin irin wannan zagaye ba ya shiga lissafin handikaf sai idan an riga an yi wa haɗin awo.

Kadi ma ana iya samun gaskiya daga bakinsa idan aka iya tambaya. Wanda ya ce masa "ina ya kamata in tsaya?" zai ji abin da yake so ya ji. Wanda ya tambaye shi yadi nawa ne daga nan zuwa ƙetaren rafin a rami na kaza, zai sami lamba, kuma da lambar zai yanke shawara.